Janareto mara shan mai: Dalilin da ya sa injin da ke ciyar da kansa ba ya yiwuwa

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da janye tallafin man fetur, lissafin noman rani ya sauya a yankin Funtuwa da Malumfashi. Litar man da ake saye ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuma ta zarce naira 1,000. Manomin da ke ban ruwa a bakin madatsun Mairuwa da Gwaigwaye, ko a fadamun Ɗanja da Bakori da Ƙafur, shi ya fi kowa jin raɗaɗin wannan, domin injinsa ba ya tashi sai da mai. Haka mai injin niƙa da mai casar masara da mai walda.

A irin wannan hali ne bidiyoyin "janareto mara shan mai" suke yawo a Facebook da TikTok da WhatsApp. Ana nuna wata na'ura tana juyawa, ƙwayayen lantarki suna haske, ana cewa ba ta buƙatar fetur ko gas ko hasken rana. Wasu kan nemi kuɗin koyarwa, wasu na sayar da zanen haɗawa, wasu kuma na neman masu zuba jari. Masana kimiyya sun daɗe da sanin wannan tunani, suna kiransa injin motsi na har abada, kuma cikin fiye da shekara 800 da ake gwada shi ba a taɓa samun guda ɗaya da ya yi aiki ba.

Yadda ake haɗa shi

Yawancin waɗanda ake nunawa a Najeriya tsarinsu ɗaya ne. Batir yana ba motar lantarki wuta, motar tana juya wani faifan ƙarfe mai nauyi ta hanyar bel, faifan yana juya dainamo, shi kuma dainamon yana samar da wutar da za ta koma ta caja batirin, a kuma sami rarar da za a haska gida. Wasu suna jera mayen ƙarfe a gefen faifan, da fatan turin da ke tsakaninsu zai hana shi tsayawa. Akwai kuma na ruwa, wanda ya fi jan hankalin manoma: ruwa ya zubo daga tanki ya juya farfela, farfelar ta juya famfo, famfon ya mayar da ruwan cikin tankin.

Duk da bambancin siffa, abin da ake nema ɗaya ne: na'urar da za ta bayar da fiye da abin da ta karɓa.

Doka ta farko: ba a ƙirƙirar makamashi

A shekarun 1840, likitan Jamus Julius Robert Mayer da Baturen Ingila James Joule da Hermann von Helmholtz suka tabbatar da cewa makamashi ba a ƙirƙirarsa kuma ba a hallaka shi, sai dai ya sauya kama. Injin ban ruwa ba ya haifar da ƙarfi. Makamashin da ke cikin fetur yake mayarwa motsi. Dainamo ba ya haifar da wuta. Motsin da aka ba shi yake mayarwa lantarki. Batir kuwa rumbu ne, abin da aka zuba masa kaɗai ake ɗiba.

Wanda ya taɓa ban ruwa da jigo ya san wannan doka ko da bai san sunanta ba. Curin ƙasar da ke ɗaure a gindin sandar jigo yana taimakawa wajen ɗago guga cike da ruwa, har ya zama kamar gugar ce ke tashi da kanta. Amma kafin nan sai da mai lambu ya ja igiya ƙasa da ƙarfinsa ya ɗaga curin sama. Ƙarfin da curin ya bayar bashi ne yake biya. Faifan ƙarfe mai nauyi ma haka yake: yana ajiye motsin da aka ba shi, ba ya ƙara komai a kai.

Mayen ƙarfe ma bai fita daga wannan hukunci ba. Yakan fizgo ƙarfe idan ya matso, amma sai an kashe daidai wannan ƙarfin kafin a raba su. Idan faifai ya zagayo cikakke, abin da aka samu wajen fizga an biya shi wajen rabuwa, ribar ta zama sifili.

Lissafin na ruwa ya fi sauƙi. Ɗaga lita 1,000 zuwa tsayin mita 10 yana cin makamashi kimanin jul 98,000. Idan ruwan ya zubo daga wannan tsayi, iyakar abin da zai iya bayarwa ke nan, ko ɗigo ba zai ƙaru ba. Ko da famfo da farfela ba su da aibi ko kaɗan, abin da za a samu bai wuce a mayar da ruwan inda ya fito ba, babu rarar da za a kai gona.

Doka ta biyu: kowane mataki da asararsa

Na'ura marar aibi kuwa babu ita. Binciken da Bafaranshe Sadi Carnot ya fara a 1824, wanda Rudolf Clausius da William Thomson suka kammala a farkon shekarun 1850, ya nuna cewa duk lokacin da makamashi ya sauya kama, wani kaso yana watsewa a matsayin zafi, kuma ba a iya tattaro shi duka a mayar da shi aiki. Zafin da ake ji a jikin injin niƙa, da ƙarar da yake yi, da girgizarsa, da ɗumin waya, duk makamashi ne da ya tsere.

A ɗauki misali da wat 100 da suka fito daga batir. Mota mai kyau za ta iya mayar da 85 su zama motsi. Bel da gogayyar ƙarafa su ci 5, saura 80. Dainamo ya mayar da kashi 80 cikin 100 na wannan su zama wuta, saura 64. Wajen cajin batir a sake yin wata asarar. Ke nan an ciri 100 an mayar da abin da bai kai 64 ba, tun kafin a kunna ƙwan lantarki ko ɗaya. Kamar manomi ne da ke ɗibar mudu goma a rumbu kullum yana mayar da shida. Komai girman rumbun, ranar ƙarewarsa tana tafe.

Abin da ke sa a ga kamar yana aiki

Batir mai bolt 12 da ƙarfin ajiya 100 yana ɗauke da kimanin wat 1,200 na awa guda. A lissafi, zai iya riƙe ƙwayaye biyar masu wat 10 na kusan kwana ɗaya. Bidiyon minti uku, ko nunin awa ɗaya a kasuwa, ba ya isa ya bayyana cewa batirin yana zurarewa. Da a ce an haɗa ƙwayayen da batirin kai-tsaye, ba tare da mota da dainamo ba, da sun fi daɗewa suna haske.

Akwai kuma kuskuren awo. Da yawa daga matasan da ke haɗa irin wannan na'ura da zuciya ɗaya suke yi. Sukan ga mita ta nuna bolt 220 alhali batir 12 ne, sai su ɗauka an sami ƙari. Bolt matsin wuta ne kawai. Idan aka ɗaga shi, yawan wutar da ke gudana yakan ragu daidai gwargwado. Toshe bakin mesa da yatsa yana sa ruwa ya yi nisa, amma ba ya ƙara ruwan da ke fitowa.

Sai kuma yaudara tsagwaronta: ɓoyayyen batir a cikin akwati, ko wayar da aka bi da ita ta ƙarƙashin tebur, ko bidiyon da aka yanke aka haɗa.

Tsohon mafarki ne

Wajen shekarar 1150, masanin lissafi na Indiya Bhaskara na Biyu ya siffanta wata ƙafa mai bututu cike da zaiba, wadda ya ɗauka ɓangare ɗaya zai riƙa fin ɗaya nauyi har abada. A ƙarni na 13, magini Villard de Honnecourt na Faransa ya zana irinta da guduma. A 1618, Robert Fludd na Ingila ya kawo injin niƙan da zai riƙa mayar da ruwan da ke juya shi. Duk ba su yi aiki ba. A 1775 Cibiyar Kimiyya ta Faris ta yanke shawarar daina duba duk wata na'ura irin wannan.

Masu damfara ma suna da tarihinsu. A 1813 Charles Redheffer ya riƙa karɓar kuɗin kallo a New York, har injiniya Robert Fulton ya bankaɗo wata siririyar igiya da ta bi ta bango zuwa wani ɗaki, inda wani tsoho ke zaune yana murza hannun injin. John Keely na Philadelphia ya shafe fiye da shekara 20 yana karɓar kuɗin masu zuba jari. Bayan rasuwarsa a 1898 aka gano tukunyar matsattsiyar iska da bututu a ƙarƙashin ɗakin gwajinsa. A 1996 wata kotu a jihar Ohio ta sami Stanley Meyer, mai da'awar motar da ke tafiya da ruwa, da laifin zamba. Dalilin gazawar irin tasa a fili yake: ruwa shi ne abin da ya rage bayan iskar haidirojin ta ƙone, wato tokarta ce, kuma raba shi yana cin aƙalla makamashin da za a samu idan an sake ƙona ta. A 2006 kamfanin Steorn na Ayaland ya yi shelar irin wannan fasaha, amma masanan da aka naɗa su bincika suka bayyana a 2009 cewa ba su ga wata shaida ba.

Abin lura shi ne, injiniya al-Jazari, wanda ya kammala littafinsa na na'urori a 1206, ya zana injinan ɗaga ruwa masu ban mamaki, kuma kowanne da abin da ke tura shi: ko dabba ko kwararar ruwa.

Waɗanda ba sa shan mai amma suna aiki

Rashin shan fetur ba shi ne rashin tushe ba. Da tsakar rana, kowace murabba'in mita ta ƙasa tana samun kimanin wat 1,000 na hasken rana, farantin sola kuma yana mayar da kusan kashi 20 cikin 100 ya zama wuta. Shi ya sa famfon sola ke aiki, kuma shi ya sa yake tsayawa da dare idan babu batir. Tashoshin Kainji da Shiroro suna cin moriyar ruwan da rana ta ɗaga daga teku ya sauko a matsayin damina. Injin ban ruwan da aka juya zuwa gas har yanzu makamashi yake ƙonawa, an dai sauya masa abinci ne. Akwai ma famfon da Joseph Montgolfier ya ƙera a 1796, wanda ke tura ruwa sama ba da mai ba, amma sai a inda ruwa ke gangarowa, kuma kaɗan yake ɗagawa, mafi yawa ya wuce.

Kafin a fitar da kuɗi

Tambaya ɗaya ta wadatar: daga ina makamashin yake shigowa? Idan amsar ita ce rana ko iska ko gas ko gangaren ruwa, sai a shiga batun inganci da farashi. Idan aka ce na'urar ce ke ciyar da kanta, magana ta ƙare.

Wanda ya nace yana so ya gani da idonsa, ya nemi a cire batir bayan an tayar da injin, a buɗe akwatin gaba ɗaya, a ɗora masa aiki mai nauyi kamar famfo ko dutsen guga, a bar shi kwanaki a wurin da mai sayarwa ba ya da iko da shi. Ya kuma nemi ƙwararre daga sashen injiniya na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ko Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman da ke Katsina ya auna abin da ke shiga da abin da ke fita.

Matasan da ke wannan gwaji a shagunan gyaran janareto suna da basirar da yankin ke buƙata: haɗa famfon sola, gyaran inbata, juya inji zuwa gas, da tsara bututun da ke rage ɓarnar ruwa. A nan ne ake rage kuɗin mai da gaske. Shi kuwa manomin da ya sayar da buhunan masararsa don ya sayi injin da ba ya cin komai, zai tarar da abin da Bahaushe ya daɗe da faɗa, cewa banza ba ta kai zomo kasuwa.