Kwamfutar hannu ta ƙi kamawa: a bi sawun wuta daga bango har cikinta

Akwai tambayar da ke yawan zo mana: ɗan uwa ya aiko da kwamfutar hannu, wadda a nan muka fi kira ordinater, an yi aiki da ita lafiya lau, wata safiya an danna maɓalli, shiru. Babu fitila, babu ƙara. A cikinta kuwa akwai aikin ɗalibi na ƙarshen karatu, ko lissafin ƙungiyar mata, ko hotunan biki da mai shago bai riga ya ba masu su ba.

To, kada hankali ya tashi. Wuta na bin hanya guda ne: daga bango zuwa caja, daga caja zuwa bakin da ake soka ta, daga nan zuwa batir da babban allon ciki, wanda masu gyara ke kira kart mer. In kwamfuta ta ƙi kamawa, wani wuri ne a kan wannan hanya ya yanke. Sai a bi shi daki-daki, a fara da abin da ba ya cin ko dala, kamar yadda ake bin tiyo in ruwa bai iso fadama ba.

Da farko: wuta ce babu, ko hoto ne babu?

Waɗannan cututtuka biyu ne daban. Danna maɓallin kunnawa, ka kasa kunne, ka kuma duba. In ƙaramar fitila ta kama, ko ka ji fanka na juyawa, wuta na shiga ke nan, allon kallo ne bai nuna komai ba. Danna maɓallin manyan haruffa da ke gefen hagu: in fitilarsa na kamawa tana mutuwa, kwamfutar na raye. Ka haska tocila a fuskar allon cikin ɗaki mai duhu. In ka hango hoto dishi-dishi, hasken bayan allon ne ya mutu. Za ka iya haɗa ta da talabijin da wayar HDMI ka ci gaba da aiki kafin a gyara.

In kuwa babu fitila, babu motsi, babu ɗumi, to batun wuta ne. Ga matakan.

Mataki na 1: bango da ralonj

Soka cajar salula ko fitila a wannan priz ɗin, wato soket, ka ga ko yana kawo wuta. Sau da yawa laifin na ralonj ne, wanda ramukansa suka saki, ko na ɗan abin da ake ƙarawa don kai mai ƙafa uku irin na Najeriya ya shiga priz mai rami biyu. Cire su duka, ka soka cajar kai tsaye a bango. A gidan da ke aiki da sola, a duba na'urar da ke mayar da wutar batir ta volt 12 zuwa 220: in batirin ya yi ƙasa, takan kashe kanta. Kuma kada a taɓa jona kwamfuta kai tsaye da batirin sola ko na mota.

Mataki na 2: caja

Nan ne aka fi samun matsalar. Caja gida biyu ce: wayar da ke zuwa daga bango, da ɗan akwatin da ke sauya wuta tare da siririyar wayarsa. Ka tabbata wayar bangon ta shiga akwatin sosai, don takan zame ba a lura ba. Bi siririyar wayar da yatsa tun daga akwatin har bakinta. Wurin da ta fi karyewa shi ne gindin akwatin da wuyan bakin, saboda nannaɗe ta da ƙarfi. Ɓera ma na yin nasa aikin. In akwatin na warin ƙonewa, ko yana tsiwa, ko ya kumbura, a ajiye shi.

Juya akwatin ka karanta rubutun da ke bayansa. Lamba ta farko ita ce wutar da yake karɓa, kuma galibi za ka ga 100 zuwa 240 V. Ma'ana, cajar da aka aiko daga Amurka, inda wutar gida take volt 120, za ta yi aiki da wutarmu ta 220, kai kawai za a canja. Lamba ta biyu ita ce wutar da yake bayarwa. Yawancin HP da Dell volt 19,5 ne, Lenovo volt 20, Acer da Asus da yawa volt 19. Kusa da ita akwai amfiya. In ka ninka biyun sai ka sami wat: volt 20 sau 3,25 ya ba da wat 65. Irin wannan rubutu na nan a ƙarƙashin kwamfutar, ko a ramin batir.

Ƙa'idar sayen wata cajar ita ce: volt ya zama daidai da na kwamfutar, wat ya zama daidai ko ya fi. Cajar wat 90 ba ta cutar da kwamfuta mai son 65, abin da take buƙata kawai za ta ja. Amma mai wat 45 a kan mai son 90 ba za ta iya ba. Kuma shigar baki cikin rami ba hujja ba ce cewa cajar ta dace.

Gwaji mafi sauƙi shi ne aron caja irin taka sak daga wani, a makaranta ko a shagon buga takardu. In ta kama, ka gano ɓarawon.

Abu biyu da ya kamata a sani. Cajojin HP da Dell masu zagayayyen baki suna da siririyar allura a tsakiya, wadda da ita kwamfuta ke gane cajar. In allurar ta lanƙwashe ko ta karye, kwamfutar na iya kamawa amma ta ƙi cika batir. Su kuma sababbin kwamfutoci masu caji da bakin USB-C, irin na salular zamani, ƙaramar cajar salula ba ta isarsu, kuma ba kowane ramin USB-C da ke jikinsu ne ke karɓar caji ba. A gwada ɗayan ramin, a gwada wata wayar.

Ga kuma wata alama mai muhimmanci. Wasu cajoji na da ƴar fitila. In tana ci a bango, amma da ka soka a kwamfuta sai ta mutu nan take, wannan na nuna wuta ta haɗe a cikin kwamfutar, cajar ce ke kare kanta. Kada ka yi ta maimaitawa, kada ka sayi sabuwar caja. Wannan aikin mai gyara ne.

Mataki na 3: sauke ragowar wuta

Wani lokaci babu abin da ya lalace. Ƴar na'urar da ke kula da kunnawa da caji ce ta rikice, musamman bayan wuta ta yi ta ɗaukewa tana dawowa. Cire caja. Cire duk abin da aka soka: kile, linzami, firinta. In batirin mai fita ne daga baya, cire shi. Danna maɓallin kunnawa ka riƙe kamar daƙiƙa 30. Sai ka mayar da caja kaɗai, ba batir, ka kunna. In ta kama, kashe ta, ka mayar da batirin ka sake gwadawa. In da batir ta ƙi, ba batir ta yarda, batirin ne ya mutu. Kafin a sami wani, za ta yi aiki da caja kaɗai, sai dai duk lokacin da aka ɗauke wuta za ta mutu da aikin da ba a adana ba.

In batirin na ciki ne, a yi wannan riƙe maɓallin haka nan. Wasu samfuran Lenovo ThinkPad da na Acer suna da ɗan rami kamar na allura a ƙarƙashi: a cire caja, a danna ciki da tsinken ƙarfe na ƴan daƙiƙoƙi. Kwamfutar da ta yi watanni a ajiye kuma, a bar ta a caji rabin awa ko awa guda kafin a yanke mata hukunci.

Mataki na 4: batir da bakin caji

Ɗora kwamfutar a kan tebur ka dube ta daga gefe. In ƙasanta ya yi tudu, ko wurin da ake jan yatsa ya taso, ko murfi ya daina rufuwa daidai, batirin ya kumbura. Batirin litiyom ne, kuma zafi babban abokin gabansa ne, ga shi a watannin Afrilu da Mayu zafinmu kan haura digiri 40. Kumburarren batir na iya kamawa da wuta. Kada a caja shi, kada a danne shi, kada a huda shi, kada a jefa shi a bolar da ake ƙonawa. A kai wa mai gyara ya cire.

Sai bakin caji na jikin kwamfutar. Haska ciki da tocila. Ƙurar hunturu na taruwa a nan, ana iya fitar da ita da tsinken sakace bayan an cire caja, ba da ƙarfe ba. In sai ka karkata bakin cajar ko ka tokare shi da wani abu sannan fitila ke kamawa, bakin ya saki. Kada a ci gaba da lallaɓawa, don wurin na yin zafi har ya ƙona allon ciki. A kwamfutoci da yawa wannan baki a kan ƴar waya yake, ana zare shi a sa sabo. A wasu kuma liƙe yake da allon, sai an yi walda da dalma.

Inda ya kamata mai gida ya tsaya

In ka bi duk wannan ba ta kama ba, saura abin da ke ciki. Mai gyaran ƙwarai zai auna cajar da mita, ya cire batirin ciki, ya zare ram ya goge ya mayar, ya duba ƙaramin batirin agogo mai kama da kwabo na volt 3, sannan ya bi wutar a kan allon. Sau da yawa abin da ke ƙonewa ɗan ƙanƙane ne a kusa da mashigar wuta: fiyus, ko kwandansa, ko ɗan makunnin lantarki da suke kira mosfet. Wanda ya iya aiki zai canja wannan kaɗai. Don haka in aka ce maka kart mer ta mutu ba tare da an auna komai ba, ka nemi ra'ayin wani kafin ka biya.

Kafin ka bar ta a shago, rubuta sunan samfurin da lambar da ke ƙarƙashinta, ka ɗauki hotonta. A yi maganar kuɗi kafin a kwance ko ƙusa guda. A nuna maka abin da aka cire. Kai kanka kuma kada ka fasa akwatin caja: akwai wuta mai ƙarfi da ke saura a ciki ko bayan an cire shi daga bango.

In ruwa ko shayi ne ya zube mata, kada a kunna don a gani ko tana aiki, wannan kunnawar ce ke kashe ta. A cire caja da batir, a kifa ta, a kai ta wurin gyara da wuri. Binne ta cikin shinkafa ba ya hana tsatsa cin allon.

Takardunka fa?

Nan ne albishir yake. Takardu da hotuna ba a batir ko caja suke ba, a diski suke. Ko da kwamfutar ta mutu murus, galibi ana iya cire diskin a sa shi cikin ɗan gida mai wayar USB, a karanta a wata kwamfutar. Saboda haka kada ka yarda a goge diski da sunan gyaran wuta, babu abin da ya haɗa su. Kada kuma ka sayar da matacciyar kwamfuta da diskinta a ciki.

Sai dai akwai inda wannan dabara ba ta ci. A sababbin MacBook da wasu ƙananan kwamfutoci masu arha, ma'ajiyar liƙe take da allon, ba ta fita. Wasu masu Windows kuma an kulle diskinsu da BitLocker, wanda mabuɗinsa lambobi 48 ne, kuma sau da yawa yana cikin asusun Microsoft na wanda ya fara buɗe kwamfutar.

Saƙo ga ƴan uwa na waje

Ku da ke Faransa, Beljiyam, Amurka, Makka ko Abijan, in za ku aiko da kwamfuta, ku haɗo da cajarta ta asali, in da hali guda biyu. Ku duba batirin kafin ta taso. Ku faɗa wa mai karɓa kalmar sirri, ku ba shi mabuɗin BitLocker in akwai, ko ku cire asusunku gaba ɗaya. In an kira ku an ce ta mutu, kafin ku turo kuɗin sabuwa ku tambaya: an gwada wata cajar? An riƙe maɓalli daƙiƙa 30?

Rigakafi

In aka ɗauke wuta, a zare cajar daga bango, a bari wutar ta dawo ta zauna tukuna. Haka in za a tada gurup, wato janareta: a bar shi ya daidaita kafin a soka. Da damina, in hadari ya taso da tsawa, a cire komai. Kada a ɗora kwamfuta a kan katifa ko bargo tana aiki, ramukan iskarta a ƙasa suke. Kada a bar ta cikin mota a rana. A riƙa kama kan caja in za a zare, ba waya ba. Sannan duk mako a kwafe muhimman takardu a kile ko a wani diski, a ajiye shi daban.

Wanda ya gwada waɗannan matakai, ya aiko mana da sunan kwamfutarsa da alamar da ya gani, za mu kai tambayar ga masu gyara a filinmu na gaba. Allah ya ba da sa'a.