Yadda Ƙasa Mai Tasowa Ke Tsayar da Mizanin Rage Iskar Ɗumama Duniya: Nazarin Alƙawuran Nijeriya na 2015 da 2021

Tsakure

Wannan maƙala ta duba hanyar da Nijeriya ta bi wajen tsayar da mizanin rage iskar da ke ɗumama duniya a ƙarƙashin Yarjejeniyar Paris. An kwatanta takardar alƙawari ta 2015 da wadda aka sabunta a 2021, aka kuma auna su da Dokar Sauyin Yanayi ta 2021 da Shirin Sauya Makamashi na 2022. Binciken ya gano cewa nauyin alƙawari ya rataya ne a kan hasashen da aka cire kason daga cikinsa, da ingancin alƙaluman ƙasa, da kuma inda kuɗin aiki zai fito. Maƙalar ta kawo shawarar a ba ƙididdiga fifiko kafin a shelanta kowane sabon kaso.

Fitilun kalmomi: sauyin yanayi, Yarjejeniyar Paris, mizanin rage iska, hasashe, Nijeriya

1.0 Gabatarwa

Yarjejeniyar Paris, wadda aka amince da ita a watan Disamba na 2015, ba ta yanka wa kowace ƙasa kason da za ta rage ba. Sashe na 4 ya bar wa ƙasa ta tsayar da nata mizanin, wanda ake kira NDC a taƙaice, da sharaɗin sabunta shi duk bayan shekara 5, kuma sabon ya zarce na baya. Ga ƙasa mai tasowa wannan 'yanci yana tafe da nauyi, domin jama'arta na ƙaruwa, masana'antunta na neman wuta, baitulmalinta kuma ba ya wadatarwa. Nijeriya misali ce mai kyau: ita ce ƙasar da ta fi yawan jama'a a Afirka, ta dogara da man fetur wajen samun kuɗin waje, ga hamada na matsowa a jihohin arewa. Tambayar binciken ita ce: da me aka gina alƙaluman da ƙasar ta miƙa wa Majalisar Ɗinkin Duniya?

2.0 Hanyar Gudanar da Bincike

An bi hanyar nazarin takardun hukuma. An ciro shekarar tushe, da hasashen 2030, da kason ragewa daga kowace takarda, sannan aka mayar da kason zuwa ainihin adadin tan domin a iya kwatantawa. Duk adadin da aka ambata ma'aunin iskar kabon dayoksaid ne, wato an mayar da sauran iskoki kamar metan zuwa kwatankwacinta.

3.0 Matakan Tsayar da Mizani

Matakin farko shi ne ƙididdigar abin da ƙasa ke fitarwa. Ƙa'idar kwamitin masana na IPCC mai sauƙi ce a takarda: a ninka yawan aikin da aka yi da adadin iskar da kowane ma'auni nasa ke fitarwa. Ƙididdigar da aka gina takardar 2021 a kanta ta nuna Nijeriya ta fitar da tan miliyan 347 a 2018. Makamashi ya ɗauki kusan kashi 60 cikin ɗari, noma da kiwo da dazuzzuka kashi 25, shara kashi 9, ayyukan masana'antu kashi 5.

Mataki na biyu shi ne hasashen inda ƙasa za ta kai idan aka ci gaba da tafiya yadda ake. Ana gina shi a kan ƙaruwar jama'a da haɓakar tattalin arziƙi, da manhajar lissafin makamashi irin LEAP. Na uku shi ne jera matakan ragewa da kuɗin kowanne. A 2021 sun haɗa da daina ƙona iskar gas a rijiyoyin mai nan da 2030, da samun kashi 30 na wutar babban layi daga makamashi mai sabuntawa, da kai gas ɗin girki ga kashi 48 na jama'a. Na huɗu shi ne raba alƙawarin gida biyu: abin da ƙasa za ta yi da aljihunta, da abin da za ta yi idan ta samu tallafin kuɗi da fasaha daga waje.

4.0 Sakamako da Tattaunawa

4.1 Tasirin hasashe

A 2015 Nijeriya ta yi alƙawarin rage kashi 20 da kanta, kashi 45 da tallafi. A 2021 kason farko bai motsa ba, na biyun ya koma 47. Mai kallon kaso kaɗai zai ce ba a ci gaba ba. Amma takardar 2015 ta ɗauka tattalin arziƙi zai riƙa haɓaka da kashi 5 a shekara, ta yi hasashen tan miliyan 900 a 2030. Sai ƙasar ta faɗa koma-bayan tattalin arziƙi a 2016, ta sake faɗawa a 2020, aka kuma gyara alƙaluma, hasashen ya sauko zuwa tan miliyan 453.

Da aka yi lissafi, kashi 20 na 2015 ya ba ƙasar damar kaiwa tan miliyan 720, na 2021 kuwa ya tsayar da ita a wajen 362. Kashi 45 na farko ya bar tan miliyan 495, kashi 47 na biyu ya bar wajen 240. Kashi biyar na buhu da kashi biyar na mudu ba ɗaya ba ne. Ma'anar wannan ita ce mizanin 2015, har da mai tallafin, ya fi abin da daga baya aka gano ƙasar za ta fitar ko da ba ta ɗaga yatsa ba.

4.2 Raunin alƙaluma

Ƙidayar jama'a ta ƙarshe a Nijeriya an yi ta ne a 2006, don haka duk hasashen buƙatar makamashi a kan ƙiyasi yake zaune. Mai walda da ke tayar da janareta tun safe yana sayen mansa a jarka, babu rajistar da ta san yawan injinan irin nasa. Itacen girki da buhunan gawayin da ake jerawa a bakin titi ba sa bi ta hannun wata hukuma. Shanun da ke ƙetarawa tsakanin Nijeriya da Nijar da rani da damina su ma suna fitar da metan, amma yawansu ƙiyasi ne. A irin wannan hali ana jingina da ma'aunan gama-gari na IPCC, waɗanda ba a auna su a kan dabbobi da dazukan ƙasar ba.

4.3 Kuɗi da saɓanin manufofi

Daga kashi 47 ɗin, kashi 27 sun dogara da tallafin waje. Shirin Sauya Makamashi da aka ƙaddamar a watan Agusta na 2022 ya ƙiyasta cewa cim ma burin daidaita fitarwa da shanyewa a 2060, wanda shugaban ƙasa na lokacin, Muhammadu Buhari, ya shelanta a taron sauyin yanayi na Glasgow a 2021, na buƙatar ƙarin dala biliyan 410, kusan biliyan 10 a shekara. A cikin 2021 ɗin ne kuma gwamnati ta ayyana shekaru goma na bunƙasa iskar gas. Tarihin ƙona gas ma abin lura ne: wata doka ta 1979 ta sa wa'adin dainawa a 1984, wa'adin ya wuce, aka riƙa sa wasu, wutar na ci a Neja Delta har yau. Dokar Sauyin Yanayi ta 2021 ta yi ƙoƙarin toshe wannan giɓi ta hanyar kafa majalisar ƙasa kan sauyin yanayi ƙarƙashin shugabancin shugaban ƙasa, da tanadin kasafin iskar da za a iya fitarwa a kowane zango.

5.0 Kammalawa da Shawarwari

Nazarin ya nuna cewa kason da ake shelantawa ba ya isa a auna ƙwazon ƙasa sai an san daga ina aka cire shi. Don haka ana ba da shawara uku. Na farko, a riƙa bayyana mizani da ainihin adadin tan, a auna shi da shekarar da ta riga ta wuce, domin hasashe na canjawa. Na biyu, a ware kuɗi na dindindin don ƙidayar jama'a da dabbobi da binciken makamashin gidaje, a sa jami'o'in ƙasar su samar da ma'aunan gida. Na uku, a ɗaure ɓangaren da ƙasa ta ɗauka da kanta da kasafin kuɗin tarayya da na jihohi, kowane mataki da ma'aikatar da za a tuhuma idan bai tabbata ba. Manomin da fari ke cinye wa amfanin gona da mazaunin da ambaliya ke kora daga gidansa suna da haƙƙin samun alƙawarin da za a iya bincika shi duk shekara a ga ko an cika.