Ashirin da Ɗaya: Wasan Kartar da Masana Lissafi Suka Tona wa Asiri

A shekarar 1613 marubucin nan na Sifaniya, Miguel de Cervantes, ya fitar da labarin wasu matasa biyu 'yan damfara, Rinconete da Cortadillo, da suka shiga birnin Seville neman abin kaiwa baka. Cikin sana'arsu har da maguɗi a wani wasan karta mai suna veintiuna, wato ashirin da ɗaya. Shi ne kakan wasan da ake kira blackjack a yau. A ƙarni na 18 ya samu karɓuwa a Faransa, daga nan ya ƙetara Ingila da Amurka, inda ya samu gindin zama bayan jihar Nevada ta halatta caca a 1931.

Cikin minti biyar mutum zai koyi dokokinsa, kuma nan tarkon yake. Ana ba ɗan wasa kati biyu. Katunan J da Q da K goma-goma ne, katin A kuma ɗaya ne ko sha ɗaya, yadda ya fi wa mai shi. Abin da ake nema shi ne a fi mai rabawa kusa da 21 ba tare da an zarce ba. Mai rabawa ba shi da zaɓi, dole ya ci gaba da jan kati har ya kai 17. Sai dai ɗan wasa ne ke fara ja, idan kuwa ya zarce 21 kuɗinsa sun tafi nan take, ko da mai rabawa shi ma zai zarce daga baya. Da wannan doka guda gidajen caca suka daɗe suna cin kasuwarsu.

A dubi mutumin da ke riƙe da 16, ga katin goma a buɗe gaban mai rabawa. In ya ja, kati sama da biyar zai ƙona shi. In ya tsaya, da wuya ya tsira. Shekara da shekaru babu mai amsar wannan sai zato da camfi.

Wasu sojojin Amurka huɗu ne suka fara kawo amsa: Roger Baldwin, Wilbert Cantey, Herbert Maisel da James McDermott, waɗanda suka haɗu a sansanin Aberdeen da ke Maryland. Ba su da kwamfuta, da injin lissafi na tebur suka yi ta fama, har a 1956 suka buga sakamakon a wata mujallar masana ƙididdiga. Sun nuna cewa kowane hannu yana da matakin da ya fi dacewa da shi, gwargwadon katin da mai rabawa ya nuna. Aikin mutanen nan ya cancanci yabo fiye da wanda ya samu, domin jadawalin da masu koyo ke haddacewa yau daga gare su ya samo asali.

Edward Thorp, malamin lissafi a jami'ar MIT, shi ya ɗora a kai. Ya lura cewa katin da ya fita ba ya komawa sai an sake cakuɗawa, saboda haka idan ƙananan katuna suka ƙare, manya suka yi yawa a ragowar, rinjaye yakan koma wajen ɗan wasa, wanda zai gane haka idan yana ƙirga katunan da suka fita. Ya gwada lissafin a kwamfutar IBM 704, sannan ya tafi Nevada da jarin dala 10,000 na wasu attajirai, ya dawo da ribar dala 11,000 cikin 'yan kwanaki. Littafinsa, Beat the Dealer, ya fito a 1962.

Hankalin masu gidajen caca ya tashi. A 1964 na Las Vegas suka tsaurara dokoki, jama'a suka ƙaurace wa teburan, ba shiri gidajen suka janye sababbin dokokin. Sai suka sake dabara: haɗa kwalin karta shida ko takwas wuri guda, yawan cakuɗawa, da korar duk wanda suka ga alamar yana ƙirga kati. Wani mai ƙirga kati, Ken Uston, ya kai ƙara kan irin wannan kora, a 1982 kotun ƙolin New Jersey ta ba shi gaskiya, amma a Nevada har yau ana iya nuna wa mai ƙirga ƙofa.

Abin takaicin shi ne littafin Thorp ya fi amfanar gidajen da ya so kayarwa. Dubban mutane suka yi tururuwa da tunanin sun gano sirri, alhali kaɗan ne ke iya riƙe ƙirga cikin hayaniya na sa'o'i. Ko wanda ya haddace jadawalin tsaf, a tebur mai sassaucin doka gidan na gabansa da kusan rabin kashi ɗaya cikin ɗari. A 'yan shekarun nan ma tebura da yawa a Las Vegas sun rage ladan wanda ya samu 21 da katinsa biyu na farko: mai zuba dala 10 da a da ake biya 15, yanzu 12 ake ba shi.