Fatar Jar Akuya da Neman Tushen Aibi: Wani Babi daga Tarihin Maraɗi da Dakoro

Gabatarwa

Hausawa na cewa ruwa ba ya tsami banza. Duk abin da ya lalace a hannun mai sana'a akwai inda lalacewar ta faro, kuma sau da yawa wurin yana nesa da inda aka gan ta. Manyan masana'antun duniya sun mayar da wannan magana ilimi mai tsari: idan kaya ya fito da aibi, sai a tara waɗanda aikin ya bi ta hannunsu, a bi sawun aibin da baya-baya har a kai ga tushensa. Akan danganta wannan ilimi da masu ƙera motoci na Japan da Amurka. Sai dai a ƙasar Hausa ma akwai sana'ar da ta shafe mafi yawan ƙarni na 20 tana fama da wannan tambaya, wato sana'ar fata. Wannan maƙala za ta dubi yadda aka bi diddigin aibin fatar akuya tsakanin Maraɗi da Dakoro, da abin da aka gano, da kuma dalilin da ya sa gyaran bai ɗore ba.

Fatar da ta ɗauki sunan wata ƙasa

Jar akuya, wadda ake kira ta Maraɗi a Nijar, ta Sakkwato a Nijeriya, dabba ce matsakaiciya mai gajeren gashi, mai yawan haihuwar tagwaye. Fatarta ce ta kai sunanta nesa, domin tana da laushi da ƙarfi a lokaci guda, fuskarta kuma lumui take, tana karɓar rini. Shekaru aru-aru ayarin raƙuma na ƙetare Sahara da jemammun fatu zuwa biranen Arewacin Afirka, daga can su shiga Turai. Da yake ta tashoshin Maroko da makwabtanta Turawa suka san ta, sai suka raɗa mata suna fatar Maroko, suna yi wa littattafai bango da ita. Hugh Clapperton, wanda ya shiga Kano a 1824, da Heinrich Barth, wanda ya zo a 1851, duk sun ambaci aikin fata cikin manyan sana'o'in birnin.

A wancan zamani majemi yana kusa da mahauci. Fata kan fito daga mayanka ta faɗa hannun wanda zai jiƙa ta da toka, ya kankare gashi, ya tausasa ta da fatakka, ya jeme ta da bagaruwa, sannan a rina ta da karan dafi kafin ta kai ga baduku. Idan wuƙa ta huda ta, majemi ya san rumfar da ta fito, gobe sai ya je ya yi magana da mai ita ko da sarkin fawa.

Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 ta juya akalar ciniki daga arewa zuwa bakin teku. Kamfanonin Turawa, irin su CFAO da SCOA da suka kafa kantuna a Maraɗi, sun fi son ɗanyar fata busasshiya, domin a jeme ta a masana'antun Turai da Amurka, a yi safar hannu da takalma da tufafi. Daga nan tazarar da ke tsakanin mai fiɗa da mai jima ta tashi daga tafiyar ƙafa ta koma tafiyar watanni. Mai jima ba ya sanin wanda ya feɗe akuyar, shi kuma mai fiɗa ba ya taɓa jin abin da ya sami fatar.

Aibin da ke ɓuya

Kukan masana'antun ƙetare iri-iri ne, amma akwai ɗaya da ya fi ɗaure kai. Fata kan iso da kyan gani, a bushe ƙamas, ba wari ba ɓaraka. Da zarar an jiƙa ta an tsoma cikin ruwan farar ƙasa, sai fuskarta ta saɓule, ko wani sashe ya narke ya bar rami. Mai saye na zargin mai fitar da kaya, shi kuma yana zargin dillali, dillali ya rantse cewa lafiya lau ya sayo ta, kuma gaskiya ya faɗa gwargwadon abin da idonsa ya gani.

Binciken likitocin dabbobi da masana jima ya nuna cewa cutar ta samo asali ne tun ranar yanka. A ƙauyuka an saba shimfiɗa fata a ƙasa, a kafe gefunanta da tsinke, a bar ta cikin rana. Zafin rana kan busar da samanta da sauri ya rufe ta, alhali cikinta da gefen da ke kwance a ƙasa suna da danshi, sai ruɓa ta kama daga ciki. Inda kuma aka bar kitse a jiki, rana kan narkar da shi ya dafa fatar. Duka biyun ba sa bayyana sai ruwa ya sake shigarta.

Da aka ci gaba da bin sawu, sai aka ga aibin fata reshe-reshe ne. Wani tun dabbar na raye yake farawa: cizon kaska, kirci da sauran cututtukan fata, karcen ƙaya, da tambarin ƙarfe mai zafi da makiyaya ke yi don shaida ko magani. Wani a wurin fiɗa yake aukuwa, inda wuƙa mai tsini ke huda fata ko ta zaftare kaurinta. Wani a wurin shanya, kamar yadda aka bayyana. Na ƙarshe kuwa a ɗakin ajiya ne da kan hanya, inda ƙwari ke cin busasshiyar fata, ko ninki ya karya ta.

Akwai kuma batun iri, kuma a nan ne matsayin Dakoro ya fito. Gidan jar akuya shi ne kudu, ƙasar noma ta wajajen Maraɗi da Tasawa. Dakoro, wadda Faransawa suka mayar mazaunin mulki a 1947, tana bakin iyaka ne: daga kwarin Tarka zuwa arewa ƙasar kiwo ce, kamar yadda dokar 1961 ta shata iyakar noma, inda Fulani da Buzaye ke kiwon doguwar akuyar Sahel. A kasuwanni da bakin rijiyoyin wannan yanki irin biyu ke cuɗanya, kuma fatar da ta fito daga gaurayen ba ta kai ta jar akuya tsantsa daraja ba a idon masu saye.

Magungunan da aka kawo

Kowane reshe an nema masa magani. Maimakon shimfiɗa a ƙasa, aka koyar da rataye fata a inuwa, ta akuya a kan igiya ko waya, ƙirgin sa kuma a ɗaure shi cikin katako mai kusurwa huɗu, yadda iska za ta bi ta fuska biyu. Aka gina rumfunan shanya kusa da mayanka a kasuwanni. Aka fito da wuƙar fiɗa mai lanƙwasasshen baki, aka ƙarfafa saɓule fatar akuya da dunƙulen hannu. Aka riƙa tsoma fata cikin ruwan gubar arsanik don korar ƙwari. Aka kuma kasa fatu aji-aji, ana bambanta wadda ta fito daga mayanka ƙarƙashin idon ma'aikaci da wadda aka shanya a daji. A 1955 Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta wallafa littafi a kan fiɗa da adana fatu a karkara, wanda ya tattara irin waɗannan dabaru.

Bayan samun ƴancin kai ƙasashen biyu sun ɗora. A farkon shekarun 1960 Nijar ta buɗe cibiyar kiwon awaki a Maraɗi domin tsare irin jar akuya da rarraba bunsuranta, ana kuma dandaƙe bunsuran da ba ja ba a yankunan da aka ware. Likitan dabbobi A. H. Robinet ya yi dogon nazari a kan wannan akuya da matsayinta a tattalin arzikin Nijar a 1967. A Zariya, a 1964, gwamnatin Jihar Arewa da FAO sun kafa shirin horo a kan fatu da ƙiraga, wanda ya girma ya zama cibiyar binciken fata da ke Samaru. A farkon shekarun 1970 kuma aka kafa masana'antar jima ta SONITAN a Maraɗi, da kamfanin SNCP mai tattara fatu, don a riƙa jeme wani kaso a gida.

Yadda masana'antu suka tsara abin

A daidai waɗannan shekaru, a wata nahiyar, ana mayar da irin wannan bincike ƙa'ida. A 1950 Ba'amurke W. Edwards Deming ya koyar da shugabannin masana'antun Japan cewa mafi yawan aibi daga tsarin aiki yake fitowa, kaɗan ne ke fitowa daga sakacin ma'aikaci ɗaya. Kaoru Ishikawa ya yaɗa wani zane mai kama da ƙashin kifi: a rubuta aibin a kai, kowace ƙaya kuma ta ɗauki rukunin dalilai, kamar mutane, kayan aiki, hanyar aiki da muhalli. Daga 1962 aka fara kafa ƙananan da'irori a masana'antun Japan, inda leburori da kansu ke zama su tattauna aibin da ke fita daga sashensu. Taiichi Ohno na kamfanin Toyota ya shahara da ƙa'idar tambayar "don me?" sau biyar a jere. A 1987 kamfanin Ford ya tsara matakai takwas da aka sani da 8D: haɗa tawaga, bayyana matsalar filla-filla, tsare ɓarna na wucin gadi, gano tushe, zaɓen gyara mai ɗorewa, aiwatar da shi tare da tabbatar da ya yi aiki, toshe hanyar dawowarsa, sannan yaba wa waɗanda suka yi aikin.

Likitocin dabbobi na Maraɗi ba da waɗannan sunaye suka yi aiki ba, amma idan aka ɗora tambayoyin Ohno a kan fatar da ta narke, za a ga inda suka kai da inda suka tsaya. Don me ta narke? Don ta ruɓe daga ciki. Don me ta ruɓe? Don an shanya ta a ƙasa cikin rana. Don me aka shanya ta haka? Don ya fi sauri, ba ya bukatar rumfa ko igiya. Don me mai ita bai damu ya ɓata lokaci ba? Don dillalin ƙauye kuɗi ɗaya yake biya, ko an rataye ta ko an shimfiɗa. Don me yake biyan kuɗi ɗaya? Don aibin ba ya ganuwa a kasuwa, kuma ƙarin kuɗin da mai kyau ke samu a ƙarshen hanya ba ya komowa ƙauye. Rumfa da wuƙa sun amsa tambayoyi uku na farko. Biyun ƙarshe kuwa maganar farashi ce da amana.

Waɗanda ba a kira zaman ba

Matakin farko a tsarin Ford shi ne haɗa tawaga, kuma nan ne tarihin fata ya fi rauni. Waɗanda suka yi binciken ma'aikatan gwamnati ne da masu saye. Waɗanda tushen ke hannunsu, wato mahaucin ƙauye, da makiyayin arewacin Tarka, da matan gida waɗanda su ne masu yawancin awaki a ƙasar Hausa, umarni ya fi isa gare su. Ga matar da ke kiwon akuya, nono da ƴaƴa da kuɗin biki su ne gaba, fata tana can baya. Ga makiyayi, tambarin wuta shi ne shaidar dukiyarsa ranar da ta ɓace, doguwar akuya kuma ita ke jure tafiya da ƙishirwa. Abin da mai jima ke kira aibi, a wurinsu yana da dalili mai ƙarfi. Gyaran da bai saurari wannan dalili ba yakan tsaya ne muddin ma'aikaci na tsaye a kai.

Haka kuwa aka yi. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun karkashe dabbobi, yankin Dakoro na cikin waɗanda suka fi jin jiki, kuma mai neman sake kafa garke ba ya zaɓen launi. Matsin tattalin arziki na shekarun 1980 ya rage wa ma'aikatar kiwo ƙarfi, aka sayar da kamfanonin gwamnati ga ƴan kasuwa, zuwa wajajen 1990 SONITAN da SNCP duk sun durƙushe. Fatu suka ci gaba da gangarawa ɗanyu zuwa Nijeriya, na awaki da tumaki zuwa gidajen jima na Kano, ƙiraga da dama kuma zuwa tukunya a matsayin ganda. Mai sayen ƙirgi don ci ba ruwansa da hujin wuƙa, don haka wani dalilin kula da fiɗa ya sake raguwa.

Kammalawa

A shekarun baya-bayan nan hukumomin Nijar sun sanya fatar jar akuya cikin kayayyakin da ake son kare sunansu a kasuwa, tare da kilishi da cuku da albasar Galmi. Suna kuwa alkawari ne ga mai saye, kuma ba ya cika sai fatar ta tsira daga kaska da wuƙa da rana da ƙwari, ɗaya bayan ɗaya. Ilimin yin hakan ba sabo ba ne, an tabbatar da shi tun kafin ƴancin kai. Abin da ya rage shi ne zaman da ba a yi ba: mai akuya da mahauci da dillali da majemi da baduku a inuwa guda, da fata mai aibi shimfiɗe a tsakiya, kowa ya faɗi inda ta bi ta hannunsa, a kuma yarda a kan wanda zai biya ladan kula. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kowace babbar salla dubban fatu ne ake feɗewa a gidajen Dakoro da Maraɗi, a hannun mutanen da ba fiɗa ce sana'arsu ba, kuma makomar kowace ɗaya tana yankewa ne cikin ƴan sa'o'i tsakanin yanka da shanya.