2.3 Gidan Yari a Ƙasar Ikara, Makarfi da Kudan: Daga Hannun En'e zuwa Hannun Tarayya

A wannan fasali za a duba yadda ikon tsare mai laifi ya sauya hannu a waɗannan gundumomi na arewacin ƙasar Zazzau, da kuma abin da sauyin ya haifar ga dangin wanda aka tsare.

Tun kafin Turawa su ci Zariya a 1902, Sarkin Zazzau yana da wurin tsare masu laifi a ƙarƙashin wani bafadensa da ake kira Yari, kuma daga wannan sarauta ne sunan gidan yari ya samo asali. Da Turawa suka zo ba su rushe tsarin ba, sai suka sanya shi cikin En'e. Wanda ya yi sata ko ya ƙi biyan haraji a Ikara ko Makarfi ko Kudan, dogaran hakimi ne ke kamo shi, alƙali ya yanke hukunci, in ɗaurin mai tsawo ne a tasa ƙeyarsa zuwa Zariya. Abin lura a nan shi ne, mai kamu da mai shari'a da mai tsaro duk bayin gida ɗaya ne. Saboda haka uban da aka ɗaure wa ɗa ya san hanyar da zai bi: daga mai unguwa zuwa dagaci, daga dagaci zuwa hakimi. Wannan ya ba talaka ƙofar roƙo, amma ya ba masu mulki damar ɗaure wanda suka ga dama, kamar yadda 'yan NEPU suka ɗanɗana a shekarun 1950.

A ranar 1 ga Afrilu, 1968, Gwamnatin Tarayya ta karɓe gidajen yarin En'e baki ɗaya, sannan Dokar Soja mai lamba 9 ta 1972 ta tsara aikinsu. Daga nan gandurobobi suka zama ma'aikatan Tarayya, hakimi kuwa ba shi da ta cewa. A 2019 wata sabuwar doka ta mayar da sunan hukumar ta gyaran hali, ko da yake har yau bakin jama'a bai bar "gidan yari" ba. A 2023 kuma aka gyara tsarin mulki yadda jihohi ma za su iya kafa nasu.

Ƙananan gidajen yari na Ikara da Makarfi, da babban da ke Ƙofar Doka a Zariya, ba su karɓar mutum sai da takardar kotu, ba su kuma sakinsa sai da ita. A nan ne iyalai da yawa ke ɓata lokaci da dukiya. Sai ka ga an sayar da buhun masara ana neman wanda ya san shugaban gidan, alhali mabuɗin yana hannun kotun da ta tura shi, ko ta majistare ko ta shari'ar Musulunci, irin waɗanda aka kafa a jihar a 2001 zamanin Gwamna Ahmed Makarfi. Abin da ya kamata dangi su fara riƙewa shi ne sunan kotun, da lambar ƙarar, da ranar da za a koma zama, da sharuɗɗan beli. Haka kuma, tsarin mulkin 1999 ya wajabta wa 'yan sanda kai wanda suka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya, idan akwai kotu a tazarar kilomita 40.

Mafi wahala su ne masu zaman jiran shari'a, waɗanda su ne suka fi yawa a gidajen yarin Nijeriya. Idan tuhumar ta kisan kai ce ko fashi da makami, majistare ba shi da hurumin yin shari'ar, sai dai ya tura mutum a tsare, a jira shawarar Ma'aikatar Shari'a daga Kaduna. Fayil kan yi watanni a hanya, wani lokaci shekaru, in babu mai bibiya. Wanda ba shi da kuɗin lauya yana iya zuwa Hukumar Ba da Agajin Shari'a da aka kafa a 1976, ko kuma ya rubuta wa Babban Jojin Jiha, wanda doka ta ba ikon sakin wanda zaman jiransa ya zarce ɗaurin da za a yi masa da an same shi da laifin.