Likitar da ta kayar da mijinta a zaɓe

Mu da muka tashi a gidajen kishiyoyi, labarin Martha Hughes Cannon ba zai zame mana baƙo ba, ko da yake a Utah ta ƙasar Amurka ya faru. An haife ta a Wales a 1857, iyayenta mabiya ɗariƙar Mormon suka yi hijira da ita. Ta kammala karatun likita a Jami'ar Michigan a 1880. A 1884 ta auri Angus Cannon a asirce, ita ce ta huɗu, a zamanin da gwamnatin tarayya ke ɗaure masu mata fiye da ɗaya. Don kada a tilasta mata ba da shaida a kansa, ta gudu Ingila da jaririyarta.

A 1896 su biyun suka nemi shiga majalisar dattawan jiha, ita a Democrat, shi a Republican. Ta ci, ya faɗi. Ita ce mace ta farko da ta zama sanatar jiha a Amurka.

Ba ta bar likitanci a ƙofar majalisa ba. Ita ta kawo dokar kafa hukumar lafiya ta jiha, da ta karantar da yara kurame da makafi, har da wadda ta wajabta tanadar wa mata ma'aikatan kantuna abin zama. A ganinmu, sai wadda ta san illar yinin tsaye ga jikin mace za ta tuna da wannan.

Auren nan ne ya datse mata hanya. Da ta haihu a 1899, aka kama Angus aka ci shi tara, ita kuwa ba ta sake neman kujera ba. Ta rasu a Los Angeles a 1932.