Daga Ganuwar Surame Zuwa Tsakar Gidajenmu: Tarihin Aikin Dutse a Ƙasar Kabi

Masu iya magana na cewa waiwaye adon tafiya. A yau idan aka ga gidan da aka shimfiɗe farfajiyarsa da falalen duwatsu, sai a ɗauka wata sabuwar fasaha ce da ta zo daga Turai, alhali kuwa aikin dutse gado ne a wurinmu.

A farkon ƙarni na 16 ne Muhammadu Kanta ya kafa daular Kabi, ya mai da Surame babban birninsa, ya kewaye shi da ganuwa ta duwatsu da laka a zamanin da akasarin biranen Hausa ke gina tasu da zallar ƙasa. An tashi daga birnin tun wajen farkon ƙarni na 18, amma har gobe kufansa na nan a ƙaramar hukumar Binji ta jihar Sakkwato. A 1964 gwamnati ta sanya shi cikin kayan tarihi na ƙasa.

Wannan hikima ba ta tsaya ga magina ba, domin a cikin gida iyayenmu mata ke da ita, wato daɓe. Idan za a yi wa amarya jere, sai a yi gayya, a baje jar ƙasa, a zuba tsakuwar marmara, a yayyafa ruwa, mata su durƙusa suna bugu da madaɓai suna waƙa har ƙasa ta game. Daga nan sai a shafe ta da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ta yi ƙarfi da sheƙi.

Zuwan siminti ne ya sauya al'amura, musamman bayan masana'antar Kalambaina ta fara aiki a 1967. Sauƙinsa ya sa aka jingine madaɓi, har aka manta da ƙa'idar da ke tattare da shi, wato ƙarkon shimfiɗa yana ga abin da ke ƙarƙashinta. Shi ya sa muke ganin daɓen siminti yana tsagewa bayan 'yan damuna, ruwa ya kwanta a gindin bango.

Don haka mai son shimfiɗa dutse sai ya bi sawun magabata. Ya zaɓi dutse mai kaushi don gudun santsi, mai haske don kada ya riƙe zafin bazara. Ya daddaɓe ƙasa, ya zuba tsakuwa, sannan yashi, ya kuma bar gangara zuwa magudana.

Tsofaffin da suka san sirrin daɓe da makuba suna ta ƙaranci a garinmu. Muna kira ga matasan maginanmu da su zauna da su, su kwashi wannan ilimi tun kafin ya bi su kushewa.